Manyan Albasa a Bakin Buhu: Tsokaci a Kan Yadda Muke Karanta Sakamakon Jarrabawa

Gabatarwa

 

Gidana yana wajen Ƙofar Marke, ɗaya daga cikin ƙofofin tsohuwar ganuwar Sakkwato, kuma da ƙafa nake fitowa bakin titi kowace safiya. Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, sai in tarar an rataye ƙyallaye a bangwaye da turakun lantarki. Wannan makaranta ta buga hoton yaro ɗaya da makinsa da ya haura 300, waccan cibiyar darasin yamma ta buga na yarinya ɗaya. Har yau ban ga ƙyallen da ya faɗi yara nawa suka zauna jarrabawar ba, balle ya faɗi abin da sauran suka samu.

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Sakkwato ya san wannan dabara. Manya suna bakin buhu. Mai saye mai wayo yakan sa a zazzage buhun a ƙasa kafin ya taya, domin ya ga abin da ke tsakiya da abin da ke gindi. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, mu ma ya kamata mu riƙa zazzage buhun sakamakon jarrabawa kafin mu yanke wa yaro, ko malami, ko makaranta hukunci. Lamba guda ɗaya, ko ta wanda ya zo na ɗaya ce ko matsakaicin makin aji ne, ba ta isa ta faɗi gaskiyar aji ba. Ni kaina na shekara da shekaru ina rubuta matsakaicin maki a ƙasan takardar sakamako in sa hannu ina ganin na gama aiki, saboda haka wannan jan kunne da ni ya fara.

Matsakaici da Ɗan Tsakiya

'Yan ƙananan azuzuwa sun san yadda ake fitar da matsakaici: a tara dukan makin, a raba da yawan yaran. Akwai kuma wani ma'auni da muke koyarwa mu wuce da sauri kamar ba shi da amfani. Shi ne a jera yaran bisa makinsu daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki makin wanda ya tsaya a tsakiyar layi. A nan zan riƙa kiransa ɗan tsakiya.

Bari mu ƙaddara makarantu biyu, kowacce ta tura yara tara jarrabawa. Misali ne kawai na shirya domin bayani.

Makaranta ta farko: 140, 145, 150, 155, 160, 165, 170, 290, 335.
Makaranta ta biyu: 175, 178, 180, 183, 185, 187, 190, 192, 195.

In ka tara na farko za ka sami 1,710, ka raba da tara ya ba ka 190. Na biyu kuwa 1,665 ne, matsakaicinsa 185. Ke nan ta farko ta yi nasara, kuma ita ce za ta buga ƙyalle da 335. To, amma dubi ɗan tsakiya. A ta farko 160 ne, a ta biyu 185. Bugu da ƙari, yaron da ya zo na ƙarshe a makaranta ta biyu, mai 175, ya fi yara bakwai daga cikin tara na makaranta ta farko. Yara biyu ne kacal suka ja matsakaicin ta farko sama, suka bar bakwai a ƙasansa.

Ina tambayar iyaye: in ɗanku yaro ne irin na kowa, wanda bai fi kowa ba bai kuma gaza kowa ba, wace makaranta za ku kai shi? Matsakaici yana jin nauyin kowace lamba, shi ya sa lamba ɗaya mai girma take iya rinjayarsa. Ɗan tsakiya kuwa wurin tsayuwa kaɗai yake kallo. Ko da mai 335 ya sami 400, ɗan tsakiya yana nan a 160 bai motsa ba.

Siffar Ƙararrawa da Rabo Mai Karkata

In ka auna tsawon samari masu yawa 'yan shekara ɗaya, ka zana yawansu a takarda, za ka ga zanen ya yi tudu a tsakiya, ya gangara daidai wa daida ta dama da ta hagu, kamar ƙararrawar da ake buga mana da safe. Dogaye sosai kaɗan ne, gajeru sosai kaɗan ne, akasari suna tsakiya. A irin wannan rabo matsakaici da ɗan tsakiya wuri ɗaya suke zama, don haka duk wanda ka ɗauka ka faɗi gaskiya.

Sai dai ba kowane abu ke bin siffar ƙararrawa ba. Dukiyar mutanen gari ba ta bin ta, domin masu ƙaramin ƙarfi sun cika gari, attajirai 'yan kaɗan kuma suna can nesa. Zanen irin wannan yakan yi tudu a gefe ɗaya, ya saki doguwar wutsiya a ɗaya gefen. Shi ne rabo mai karkata. In wutsiyar ta miƙe wajen manyan lambobi, a ce ya karkata dama, kuma galibi matsakaici yakan haura ɗan tsakiya. In ta miƙe wajen ƙananan lambobi, kamar gwajin aji mai sauƙi wanda kusan kowa ya cinye sai 'yan kaɗan da suka yi fashi, a ce ya karkata hagu. Wani masani ɗan Ingila, Karl Pearson, ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan tun 1895, saboda ya lura cewa alƙaluman rayuwar yau da kullum sau da yawa ba sa zama daidai a kan ƙararrawa.

Abin da Alƙaluman JAMB Suka Nuna

Yanzu mu bar misali mu ɗauki zahiri. An kafa hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, a 1978, kuma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawarta. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180, jimillar maki 400. A farkon watan Mayu na 2025 hukumar ta fitar da bayanin sakamakon mutum 1,955,069 kamar haka:

Ƙasa da 100: mutum 2,031
Daga 100 zuwa 119: mutum 3,820
Daga 120 zuwa 139: mutum 57,419
Daga 140 zuwa 159: mutum 488,197
Daga 160 zuwa 199: mutum 983,187
Daga 200 zuwa 249: mutum 334,560
Daga 250 zuwa 299: mutum 73,441
Daga 300 zuwa 319: mutum 7,658
Daga 320 zuwa sama: mutum 4,756

Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki abu ɗaya: fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, kusan kashi 78 cikin 100, ba su kai 200 ba. Aka ce yaran zamani sun lalace. Amma in ka zazzage buhun, akwai abubuwa uku da wancan kanun labari ya rufe.

Na farko, rabon ya karkata dama ƙwarai. Kusan kashi uku cikin huɗu na dukan ɗaliban sun cunkushe tsakanin 140 da 199. Daga wannan tudu in ka gangara hagu, kafin ka kai 100 mutane sun kusan ƙarewa. In ka gangara dama kuwa, wutsiyar tana ta tafiya har ta wuce 320. Da na lissafa da waɗannan rukunai, na sami ɗan tsakiya a wajen 177, ba 200 ba. Rabin jimillar maki daban, tsakiyar mutane daban.

Na biyu, akwai dalilin da ya sa gefen hagu ya gajarta. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu, don haka mai canki-canka zalla yana iya dacewa da kusan ɗaya cikin huɗu, wato abin da ya kai kusan 100 cikin 400. Ashe ba daga sifili ake fara tseren ba. Wannan kuma gargaɗi ne gare ku ɗalibai, cewa mai 130 bai yi nisa da mai canki-canka ba.

Na uku, inda mutane suka cunkushe, maki ɗaya yana da tsada. Tsakanin 140 da 159 akwai mutum 488,197, wato kimanin mutum 24,000 a kan kowane maki guda. A 2024 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 140 ne, a 2025 aka mai da shi 150. A takarda ƙarin maki goma ne, a zahiri kuwa ya shafi mutanen da suka doshi rubu'in miliyan. Da ƙarin goman nan a wajen 310 aka yi shi, da 'yan dubbai kaɗan zai taɓa.

A wannan shekarar ce wata uwa ta tare ni bayan sujadar Lahadi ta ce, "Malam, 'yarka ta faɗi, ko rabi ba ta samu ba, kwana uku ke nan ba ta cin abinci." Na ce, "Mama, nawa ta samu?" Ta ce 186. Na zaunar da su na nuna masu cewa yarinyar ta fi fiye da rabin waɗanda suka rubuta jarrabawar a duk faɗin Nijeriya. Ban ɓoye masu cewa 186 ba zai kai ta aikin likita da take so ba, amma kalmar "ta faɗi" ba gaskiya ba ce, kuma saura kaɗan ta karya zuciyar yarinya mai ƙoƙari.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Labarin 2025 bai ƙare a nan ba. Ɗalibai da iyaye da malamai da yawa sun yi ta kuka cewa makin da aka ba su bai yi kama da ƙoƙarin da aka san su da shi ba. Ranar 14 ga Mayu, magatakardan hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas. Ya nemi gafara, aka kuma sake masu jarrabawa. Wannan amsa laifi abin yabo ne.

Darasin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. A 2024 waɗanda ba su kai 200 ba kimanin kashi 76 cikin 100 ne, a sakamakon farko na 2025 kuwa kimanin kashi 78. Wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi biyu zai ce babu wani sabon abu, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar an cuce shi. Babbar lambar ƙasa baki ɗaya ta haɗiye kuskuren. Sai an rarraba alƙaluman cibiya-cibiya, an kwatanta da abin da aka saba gani, sannan ɓarnar ke fitowa fili.

Haka ya faru da hukumar WAEC a watan Agusta na shekarar. Da farko ta ce kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen duba takardar Turanci ta zaɓi, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Yara ba sa lalacewa haka a shekara ɗaya. Duk lokacin da lamba ta yi tsalle irin wannan, kafin a ɗauki bulala a fara duba ma'aunin.

Yadda Ake Gwada Karkata

Kada wani ya zaci wannan aikin farfesoshi ne kaɗai. Malami mai alli da allo yana iya yin mafi yawansa.

Mataki na farko, a zana. A raba makin rukuni-rukuni masu faɗi ɗaya, a sa ƙarfe ɗaya ga kowane yaro a rukuninsa. Cikin minti goma siffar ajin za ta bayyana. Wani lokaci ma tudu biyu za ka gani, alamar cewa aji biyu kake koyarwa a ɗaki ɗaya, masu gane karatu da waɗanda aka bari a baya.

Mataki na biyu, a kwatanta matsakaici da ɗan tsakiya. In sun yi nesa da juna, akwai karkata. Akwai ma'auni mai sauƙi da ke ɗauke da sunan Pearson: a cire ɗan tsakiya daga matsakaici, a ninka sau uku, a raba da ma'aunin warwatsuwar makin, wanda muke koya a aji biyar. A misalinmu na sama, makaranta ta farko ta ba da kusan 1.3, wanda karkata ce babba, ta biyu kuwa ta ba da sifili.

Mataki na uku na masu bincike ne a jami'a. A 1965 masana biyu, Shapiro da Wilk, suka fito da gwajin da ke auna ko alƙaluma sun kauce wa siffar ƙararrawa, kuma yau kwamfuta ke yin sa cikin ƙiftawar ido. Muhimmancinsa shi ne, sanannen gwajin nan na kwatanta matsakaicin rukuni biyu, wanda ake kira gwajin t, an gina shi a kan zaton cewa rabon yana kusa da ƙararrawa. William Gosset ne ya buga shi a 1908 yana ma'aikaci a birnin Dublin, da sunan aro mai ma'anar "Ɗalibi". In mutanen da aka auna suna da yawa sosai, gwajin yakan jure wa karkata. In kuwa kaɗan ne kuma rabon ya karkata, yana iya ɓatar da mai bincike.

Maganin wannan ya fito daga Frank Wilcoxon a 1945, sannan Mann da Whitney suka faɗaɗa shi a 1947. Dabararsu ita ce a ajiye girman maki, a yi aiki da matsayi. A misalinmu, ka haɗa kowane yaro na makaranta ta farko da kowane yaro na ta biyu, karo 81 ke nan. Ta biyu ta yi nasara a karo 63, ta farko a 18 kacal. Matsakaici ya ce ta farko, matsayi ya ce ta biyu. Duk da haka, gwajin da kansa zai gaya maka cewa yara tara-tara sun yi kaɗan a yanke hukunci mai ƙarfi. Wannan ma darasi ne: sakamakon shekara ɗaya na aji ɗaya bai isa a ɗaukaka malami ko a kunyata shi ba.

Bayan An Shiga Jami'a

Ku 'yan aji shida, da yawanku idonku yana kan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan garinmu, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988, ko Jami'ar Jihar Sakkwato da aka kafa a 2009, ko wasu a wajen jiha. Can ma za ku tarar da lambobi suna jiranku. A tsarin maki biyar da akasarin jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Shi ma wannan matsakaici ne, yana da halin matsakaici: kwas ɗaya mai nauyi da ka faɗi a shekarar farko zai riƙa jan ka ƙasa har ranar fita. Kada ku ce shekarar farko ta hutu ce.

A kowane bikin yaye ɗalibai, a kowace jami'a, abin da ake fara sanarwa shi ne yawan masu daraja ta ɗaya. Manyan albasa ke nan. Jerin ranar biki na waɗanda suka kai ƙarshe ne kaɗai. Wanda aka sallama saboda makinsa ya yi ƙasa, da wanda kuɗin makaranta ya gagare shi, da wadda aka yi wa aure ta daina zuwa, duk ba sa ciki. An yanke wutsiyar hagu kafin a ɗauki hoto. Wanda ke son sanin nasarar jami'a sai ya ƙidaya waɗanda suka shiga a shekara ɗaya, ya bi su ya ga nawa suka fita, kuma cikin shekara nawa. Tsawon zama a jami'a ma rabo ne mai karkata dama, domin mai digirin shekara huɗu ba ya gamawa a biyu, amma kwasan da aka faɗi suna iya riƙe shi ya yi biyar ko shida.

Akwai wani tarko kuma. Sau da yawa ɗaliban shekarar ƙarshe sukan yi bincike a kan ko makin JAMB yana nuna wanda zai yi ƙoƙari a jami'a. Sukan ɗauki 'yan wani sashe, su ga alaƙar ba ta da ƙarfi, su ce jarrabawar ba ta da amfani. Amma waɗanda suka auna duk zaɓaɓɓu ne masu maki kusa da juna. In ka tara 'yan kokawa ƙarfafa zalla a fage, dabara ce za ka ga tana raba su, sai ka zaci ƙarfi ba ya aiki, alhali raunana tun a gida aka bar su. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 na gurabe ga cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin zamani, kuma Sakkwato tana cikinsu. Mutane suna yawan gardama a kan wannan tsari, wasu na yabo wasu na suka. Gardama irin wannan ba ta ƙarewa da labarin mutum ɗaya da ya haskaka ko mutum ɗaya da ya gaza, sai da bin diddigin dukan waɗanda aka ɗauka.

Mai Yiwuwa Wani Ya Ce

Wani zai ce, "Malam, so kake mu daina yabon masu ƙwazo?" Ko kusa. Yaron da ya haura 300 a sakamakon farko na 2025 yana cikin mutum 12,414 daga kusan miliyan biyu, bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ya cancanci tafi da kyauta, kuma ƙannensa suna bukatar wanda za su yi koyi da shi. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki guminsa a lulluɓe sauran ajin da shi.

Wani kuma zai ce karkata ba lallai ta zama alamar matsala ba. Wannan gaskiya ne. Jarrabawar JAMB ta tankaɗe ce, an shirya ta don ta bambance na sama, saboda gurabe ba su kai masu nema ba. Doguwar wutsiyar dama tana cikin aikinta. Haka nan matsakaici yana da ranarsa: in kana lissafin buhun shinkafar da ɗakin girki zai dafa, shi za ka nema. Maganata ita ce a san siffar rabon tukuna, sannan a zaɓi ma'aunin da ya dace da shi.

Shawarwari

Ga hukumar makaranta da kwamitin mujalla: daga baɗi, a shafin sakamako, a rubuta yawan waɗanda suka zauna jarrabawa, da makin ɗan tsakiya, da makin da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa suka tsaya a kai, tare da na zakarunmu. Wata shekarar lambobin ba za su yi mana daɗi ba, amma su ne za su nuna mana inda rufin ke yoyo. A kuma ƙara kyauta ɗaya ranar rabon kyaututtuka, ta wanda ya fi kowa ci gaba daga inda ya fara. Sannan a buɗe littafin bin sawun tsofaffin ɗalibanmu, wanda ya shiga ina, wanda ya gama, wanda ya tsaya a hanya da dalilinsa.

Ga malamai 'yan'uwana: hanya mafi sauƙi ta ɗaga matsakaicin aji ita ce a mai da hankali ga bencin gaba. Ɗan tsakiya kuwa ba ya motsi sai an taɓa yaran tsakiya. Mu riƙa zana siffar ajinmu bayan kowane gwaji kafin mu shiga sabon darasi.

Ga iyaye: duk makarantar da ta nuna maku ƙyalle, har da tamu, ku tambaye ta abu uku. Yara nawa suka fara aji huɗu? Nawa suka zauna jarrabawa? Na tsakiyarsu nawa ya samu? Makarantar da ta cire raunanan yara kafin rajista tana iya shelar cewa kowa ya ci.

Ga ɗalibai: in kun ga makinku, ku tambayi inda ya tsaya a cikin jama'a da kuma abin da kwas ɗin da kuke so yake nema. In makin ya saɓa wa abin da kuka saba samu da nisa, ku zo mu duba tare, mu bi hanyar ƙorafi cikin ladabi. In kuwa daidai yake da ƙoƙarinku, ku karɓe shi, ku ƙara himma. A inda mutane suka cunkushe, tambaya biyu ko uku da ka ƙara ci suna iya tsallakar da kai gaban dubban mutane.

Kammalawa

Hausawa sun ce mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya. Lambobi ba sa magana da kansu, sai an jera su an dube su da natsuwa, kuma a bayan kowace lamba akwai yaro da iyayen da suka sayar da amfanin gona ko suka ci bashi don biyan kuɗin rajistarsa. Yaran nan duka aka danƙa mana amanarsu, na bakin buhu da na tsakiya da na gindi.

Ina yi wa 'yan aji shida fatan alheri a jarrabawar da ke gabansu, ina kuma roƙonsu su riƙa aiko mana da labarin inda suka kai, mai daɗi ko marar daɗi, domin mu san yadda za mu shirya ƙannensu. Allah ya ba mu hikimar auna kowa da mudun gaskiya, amin.